Ƙwarya a Tsakiyar Tebur

Litinin, 13 ga Janairu

Yau ƙungiyarmu ta mata ta raba aiki. Hajiya shugaba ta ɗauki gayyato manyan gari, ma'aji ta rungumi littafin kuɗi, masu girki suka tafi da lissafin shinkafa, ni kuma aka ɗora mini adon tebura, wai ai malamar lakkol ce, hannuna ya saba da almakashi. Tebur 20 za a jera a farfajiyar wata makaranta da aka ara mana, ran Asabar ta sama, bayan la'asar.

Gidauniyar ta yara ce, amma ba kuɗin magani muke nema ba. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta, kuma tun 2005 likitocin MSF ke aiki a nan Magarya tare da ma'aikatan lafiya na gwamnati. Hanya ce ba ta zuwa kyauta. Uwa tana can wani ƙauye bayan Malawa ko Dogo-Dogo, yaro ya kwana da zazzaɓi, rumbu ya yi ƙasa, babu ko dala a ɗaki. Sai a tsaya neman kuɗin kabu-kabu, ko a jira mai amalanke ya taso daga gona. A cikin jiran nan ne zazzaɓin da ƙwaya za ta kashe yake komawa na ƙarin jini. Duk wanda ya yi damanar 2018 a garin nan bai manta ba. A watan Satumba MSF ta fito ta faɗa wa duniya cewa sashen yara mai gado 450 yana ɗauke da yara 730, kuma kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana. Muna so mu tara abin da za a ajiye a hannun amintattun mata a ƙauyuka, kuɗin hanya kawai, kafin Agusta ta zo da sauro da yunwa a tare.

An zaɓi Janairu don yanzu ne kuɗi ke hannun mutane. An yi kaka, rake na fita daga Korama mota-mota, azumi kuma da sauran kwana.

Hajiya ta ce a aika Kano a sayo furen roba a Sabon Gari, a cusa cikin kwalabe, yadda ake yi a bikin 'ya'yan manya. Na roƙi ta ba ni zuwa gobe.

Talata, 14

Furen roba bai tsare mini komai ba. Sai dai kuɗinsa zai bi ta Tinkim ya ƙetare iyaka, shi kuma washegarin taro ya koma saman kabad yana shan ƙura. Banda haka ma, yana da tsayi, kuma tsayi ɓarna ne a wurin gidauniya.

Wanda ya taɓa zuwa irin taron nan ya san yadda kuɗi ke fita. Mai lasifika ya ɗaga murya, Alhaji wane ya ba da jika hamsin, a yi tafi. Alhajin da ke wancan tebur ya ɗago ido ya dubi na farko, ya gyara hula, ya kira yaronsa ya raɗa masa sittin. Ido ne ke buɗe aljihu. In ka dasa dajin roba tsakanin fuskokin nan biyu, ka yi wa yara asarar jika goma. Don haka na yanke cewa duk abin da za a aza a tebur kada ya wuce taƙi ɗaya.

Akwai kuma waɗanda lasifika ke kora. Malamin makaranta, unguwarzoma, mai tireda, sun zo da dala ɗari ko jika guda a aljihu, amma wa zai yarda a kira sunansa da dala ɗari bayan an gama kiran jika sittin? Sai su ci shinkafa, su yi addu'a, su koma gida da kuɗinsu. Su na fi tunani. A kowane tebur ina so a sami inda mutum zai miƙa hannu kamar zai ɗauki goro, ya saki abin da ya samu, na kusa da shi ma bai san nawa ba ne.

Ga abin da na zana a bayan takardar jarrabawa: babban faifai a ƙasa, gammon kaba a tsakiyarsa, ƙwarya mai zane a kan gammon, ƙaramin faifai ya rufe ta, da kafa a cibiyarsa wadda naɗaɗɗiyar takardar kuɗi za ta shige. A gefe kuma zangarniyar gero a kwance, ƙwallon goriba, busasshen zoɓo, da 'ya'yan gawo.

Na kai wa Hajiya da yamma. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa.

"Malama, wato asusu za ki aza wa baƙina a gaba?"

"Ranki ya daɗe, asusu ne, amma ya sha kwalliya."

Ta yi dariya ta ce in je in yi, sai dai in baƙi suka ce an kawo su kasuwar ƙauye, ni za ta tura in ba su amsa.

Laraba, 15

Ba lakkol da yamma, sai na bi mota zuwa gabas. Wata abokiyar aikina ta ce mahaifiyarta, a wani ƙauye cikin ƙasar Dungas, ita ce uwar masu ɗinkin faifai a wajensu.

Hanyar nan a wannan lokaci tana da kyan gani. Gonaki sun bushe ƙayau, kara ya kwanta, amma gawo ya yi kore shar, shi da ke zubar da ganye da damana ya bar wa gero rana, ya kuma tofo da rani. Tsofaffi suna cewa bayan farin shekarun 1970 da na 1984 filin nan sai ka hango mutum daga nesa, babu abin da ya tare. Manoma ne suka koma barin tsiron da ya fito da kansa, suna yi masa sassabe maimakon su tumɓuke. Wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa a Magarya da Matamaye da Mirya gonakin da suka farfaɗo ta haka sun kai hekta miliyan 1. Na so a ce ɗan wannan tarihi ya hau teburinmu, shi ya sa na sa 'ya'yan gawo a zane.

Dungas tsohuwar sarauta ce, cikin ƙasashen Tsotsebaki ita da Waca da Mirya, amma sai 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura 350,000, na Magarya kuma sun haura 570,000. Takarda ta raba mu, amma yaron da ciwonsa ya tsananta a can, sau da yawa nan ake kawo shi.

Na sami Inna a ƙarƙashin rumfa, ƙoƙon ruwa a gefenta, kaba tana jiƙe a ciki. Ban taɓa zama na kalli aikin nan da idon mai saye da yawa ba sai yau. Tana riƙe da dunƙulen ciyawa siriri, shi ne hanjin faifan, ta soka basilla a zagayen da ta riga ta gama, ta zura tsagin kaba, ta ja, ta naɗe hanjin, ta sake sokawa dab da inda ta fito. In hanjin ya fara rama sai ta cusa sabuwar ciyawa ba tare da ta duba ba. Babban yatsanta na hagu ya yi kanta har ya canza kama. Tana yi tana hira, tana korar kaji da ƙafa.

Da na nuna mata zanen sai ta riƙe haɓa.

"Ɗiyata, faifai da rami a cibiya? Ai daga cibiya ake farawa. In babu cibiya, a kan me zan ɗora?"

Muka yi ta juyawa. Ita ce ta gano hanya: za a fara naɗe zobe na kaba daidai faɗin yatsu biyu, a ƙulle shi tamau, sannan a ci gaba da zagaye daga bakinsa. Ta gwada nan take, ya zauna. Ta ce murfi 20 a mako guda ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ga daka ga ɗiban ruwa, amma za ta raba wa mata. Manyan fayafayan ƙasa kuwa akwai ɗinkakku a ɗakuna, sai a zaɓa.

Da aka zo kan kuɗi, na faɗa mata abin da ake tara wa. Ta yi shiru, sannan ta kira wani jikanta da ke wasa da gwangwani, ta kama damtsensa ta nuna mini. Ta ce damanar da ta wuce igiyar awon tamowa ja ta nuna a hannun nan, sai da suka sayar da akuya kafin a kai shi.

"Tunda na Allah ne, ki bar kuɗin. Mu ma a sa mu a ladan."

Na ce mata, "Inna, lada ba ya hana la'ada." Na ba ta kafin alƙalami na rabin kuɗin, a kan farashin da take sayarwa ranar kasuwa, da ƙari don ramin cibiya. Ta karɓa da hannu biyu, tana cewa 'yan birni akwai taurin kai.

Alhamis, 16

Yau kasuwar Maigatari ke ci, duk mai abin sayarwa a kudancin Dungas ya ƙetara can da dabbobinsa. Mu nan rabin cinikinmu da naira ne, rabi da sefa, har yara sun iya canji da ka. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowa ya ji a jikinsa, sai a 2024 aka buɗe.

Na je wurin Baba mai ƙwarya a bayan kasuwar garinmu. Duman bana ya bushe, ya fafe da yawa ya jera. Na ce ina son 20 masu girma ɗaya, sai ya dube ni kamar na nemi ƙahon kare. Ya ce duma ba a injin ake yin sa ba. Muka tsaya kan waɗanda bakinsu ya yi kusa da taƙi, yana ƙwanƙwasa kowace da farce yana saurara, wadda ta yi ƙarar tsagewa ya ture ta gefe. Zai yi zanen da wuƙar wuta, a bakin ƙwarya kawai, tunda ƙasan gammo zai ɓoye shi.

Juma'a, 17

Ban taɓa aikin ba. Na aika yara su tsinto goriba, na sayi zoɓo tiya ɗaya.

Asabar, 18

Ranar rini. Inna ta aiko da kaba ɗauri-ɗauri don a rina a nan a mayar mata gobe, saboda garinsu galura ta ƙare.

Galura ba ta da wuya, ka zuba a tafasasshen ruwa ka tsoma, launi ya fito ɓau. Amma jan galura yana ihu, ni kuma jan da nake so shi ne na fatar dukawan Damagaram, mai duhu kamar an ɗan ƙona shi. Wannan karan dafi ke ba da shi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda mijinta baduku ne kafin ya rasu, ta zo ta tsaya a kanmu. Aka daka kuben karan, aka zuba a tukunya da ruwan kanwa. Ruwan yana jin kanwa ya juye ya yi jajir. Ta ce kada a cika wuta, kaba in ta dahu sai ta yi laushi ta riƙa tsinkewa a basilla. Muka bar ta ta jiƙu, muka tsame, muka shanya a inuwa. Baƙin kuwa da 'ya'yan bagaruwa da tsatsar ƙarfe aka yi shi, yana wari amma ya kama.

Wata daga cikin 'yan matan ƙungiya ta kawo shawara a yi murfin da kore da rawaya da ja, launin igiyar awon damtse, don baƙi su tuna da tamowa. Shawarar tana da ma'ana, na kuwa ƙi ta. Matan da za su ɗinka murfin sun san abin da jan igiyar nan yake nufi fiye da kowa a cikinmu, ba zan aika musu shi a matsayin kwalliya ba. Ja da baƙi da farin kaba sun isa.

Hannuwana sun rine har wuyan hannu. Ran Litinin yara za su sha kallo.

Lahadi, 19

Ƙanen Hajiya ya je kasuwar Mirya, ya dawo da ƙananan tukwanen ƙasa guda biyu a gwada, ko za su fi ƙwarya. Ginin matan Mirya ba a magana, amma tukunya tana da nauyi, tana fashewa, kuma kuɗin ƙarfe in ya faɗa ciki duk tebur sai ya ji. Ƙwarya muka riƙe. Zan shimfiɗa tsumma a cikinta don ko ƙarar dala kada a ji.

Litinin, 20

'Ya'yan gawo sun yi wuyar samu fiye da yadda aka zata. Ba su gama nuna ba, waɗanda suka faɗo kuma masu kiwo sun riga kowa, don abincin tumaki ne mai kuɗi, har a buhu ake sayar da shi. Wani ɗalibina ya kawo mini cikin hula daga gonar kakansa, jajaye-jajaye, a murɗe. Na baza su a tabarma a tsakar gida na shiga sallar magariba. Ina fitowa na tarar da akuyar maƙwabta ta shigo ta gama da fiye da rabi, tana kallona tana tuƙa. Sauran na rataye a rufin ɗaki. Kowane tebur zai sami biyu maimakon biyar.

Talata, 21

Zaman ƙungiya, kuma an yi zafi.

Ma'aji ta karanta abin da aka kashe. Da ta zo kan faifai sai wata Hajiya, mai ɗinki a bakin tasha, ta ɗaga hannu. Ta ce ta ji labari matan ƙauyen sun ce za su yi kyauta, ni ce na matsa sai an biya. Ta ce kuɗin marasa lafiya ne, ba a yin gwaninta da shi, kuma hana mutum yin sadaka ma laifi ne. Wasu suka gyaɗa kai.

Ban iya jayayya a taro ba, amma wannan na shirya mata. Na tambayi ma'aji ko mai haya ya ba mu kujeru kyauta. Ta ce a'a, ya dai rage. Mai lasifika fa? An biya. Mai shinkafa? An biya har da kuɗin dako. Na ce to a duk cikin waɗanda suka sa hannu a taron nan, waɗanda aka ga ya dace su yi aikin mako guda a banza su ne matan da muka ce don su muke taron. Ran Asabar Alhazai za su zauna a inuwa a kira sunansu a yi musu tafi, ita kuma wadda yatsanta ya tsage da basilla ba a ma gayyace ta ba. Kuɗin murfi ɗaya bai kai na kwalin lemo ba, amma a ƙauyen nan yana iya zama rabin kuɗin kabu-kabun da muke ta magana a kai. In Inna tana son yin sadaka, kuɗinta na hannunta, ta ba wanda ta ga dama.

Abin da na lura da shi a aikin taimako, ba a nan kaɗai ba, shi ne mun iya ciniki da mai ƙarfi, mu biya shi cif, sannan mu juya wurin mara ƙarfi mu ce ya yi don Allah. Shi kuwa kunya da talauci ba sa barinsa ya ce a'a. Wani lokaci ma shi ke fara tayi, kamar yadda Inna ta yi, don ya san abin da ake jira ya faɗa ke nan.

Hajiya shugaba ta raba gardamar da dabara irin tata. Ta ce kuɗin faifai ita za ta biya daga aljihunta, kada ya taɓa gidauniya, kuma a aika mota ta ɗauko Inna da mata biyu ran Asabar. Mai ɗinki ta ce ita dai ta faɗi gaskiyarta. Muka sha shayi aka watse, ba wadda ta canza ra'ayi.

Laraba, 22

Baba ya kawo ƙore. Zanen ya fita: layi biyu a baki, tsakaninsu ƙananan kusurwoyi baƙaƙe, har yanzu suna ƙanshin ƙuna. Babu biyu da suka zama iri ɗaya. Na shafe su da ɗan man gyaɗa a tsumma, suka yi sheƙi.

Alhamis, 23

Fayafayai sun iso da hantsi a bayan babur, an ɗaure su cikin zane. Kana gani ka san hannu da yawa ne. Na Inna uku ne, ɗinkinsu ya matse har ba ka ganin hanji, ja da baƙi suna bin juna kamar an auna da ma'auni. Wasu sun ɗan saki. Ɗaya ramin ya yi faɗi, hannun yaro zai shiga, sai na ƙara masa zagaye da zare.

Da la'asar na haɗa guda ɗaya na kai farfajiyar don in ga yadda zai yi da iska. Hunturu bai yi mini kara ba. Kafin in ja da baya in duba, murfi ya tashi ya yi katanga, zangarniya ta gangara ƙasa, zoɓo ya watse. Ƙwaryar kanta tana rawa a kan gammo.

Mai gadin makarantar, wani dattijo, yana zaune yana kallo. Ya ce, "Malama, ki nemo gyartai." Haka aka yi. Gyartan ya zo da ɗan tsinkensa, ya huda kowace ƙwarya wuri uku a baki, ya ɗinke murfin a jiki da zaren kaba yadda yake ɗinke fasasshiya. Iska ba ta ɗauka, kuma ba mai buɗewa sai an yanke zaren, abin da ya faranta wa ma'aji rai ƙwarai. Kafin a rufe na sa dutse ɗaya a ƙarƙashin tsumman kowace. Zangarniya kuma za a ɗaure ta da faifan ƙasa, uku-uku, kawunansu na kallon waje. Zoɓon na jiƙa ƙaro na manna shi a jikin gammo.

Juma'a, 24

Tun bayan sallar Juma'a muke haɗawa a ɗakina, mu shida. Wuta ta ɗauke bayan isha'i, muka ci gaba da fitilar waya. Geron da aka kawo wasu zangarniyoyin tsutsa ta ci, sai da aka tsince. Ƙaro ya ƙare aka koma allura da zare. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na 20 ya tsaya. Bayana kamar ba nawa ba.

Asabar, 25

An yi yayyafin ruwa a farfajiya don ƙura ta kwanta, aka shimfiɗa fararen zannuwa a tebura, aka aza. A kan fari, jan karan dafi ya fito yadda na so. Iska ta lafa da la'asar, Allah ya taimake mu.

Baƙi suka fara shigowa. Na tsaya daga gefe ina kallon hannuwa. Kusan kowa sai ya taɓa. Wani babban ɗan kasuwa ya ɗauki zangarniya zai murza ya ga ƙwayar, ya ji a ɗaure, ya yi dariya ya tambayi na kusa da shi gonar wa aka yanko. Daga nan hira ta ɓarke a teburin kan damanar bana da farashin tiya. Wata ma'aikaciyar lafiya da ta zo daga Damagaram ta juya murfi tana neman inda aka fara ɗinkin. Ba wanda ya ce kasuwar ƙauye, ko da yake na ji wata tana raɗa wa ƙawarta cewa a Yamai da an sa fure.

Liman ya buɗe da addu'a. Wata unguwarzoma ta yi bayani gajere kan abin da jinkirin kwana biyu ke yi wa yaro mai zazzaɓin cizon sauro, da maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata da damana tun 2013, ta ce yana taimakawa amma bai hana wasu kamuwa ba. Sannan Hajiya ta tashi ta faɗi amfanin ƙwaryar: wanda yake son a kira sunansa ga lasifika, wanda ba ya so ga rami a gabansa.

Lasifika ta yi aikinta kamar kullum. Alhazai suka kalli juna sarai, babu abin da ya tare, aka yi ta hawa. Amma ni idona na kan tebura na baya. Wani malami da muke aiki tare, wanda na san albashinsa don irin nawa ne, ya ɗora hannu a kan murfi yana magana da na gefensa, ya ɗauke hannun, shi ke nan. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta a ƙarƙashin tebur. Direban wani Alhaji, da aka zaunar a tebur na ƙarshe, ya jira maigidansa ya juya baya.

Inna da mata biyu sun zo, an ba su tebur kusa da masu girki. Ta ƙi zama a kujera da farko, sai da Hajiya da kanta ta kama hannunta. Da aka ce ga waɗanda suka ɗinka fayafayan, aka yi tafi, ta rufe fuska da mayafi. Daga baya ta ce mini murfin da ke teburinsu ba nata ba ne, na wata yarinya ce, kuma zagaye na huɗu ya karkace.

A ƙarshe aka yi gwanjon adon, tebur-tebur, da sharaɗin ƙwarya sai gobe bayan an buɗe. Mai lasifika ya iya bakinsa. Na Inna uku suka fi tsada, ba tare da an faɗa wa kowa nata ba ne.

Lahadi, 26

Ƙirga a gidan Hajiya, mu biyar da liman a matsayin shaida. Ma'aji na yanke zare da reza, tana juye kowace ƙwarya a tire. Abin da ya fito ya fi kama da cinikin mai ƙosai: dala ashirin, dala hamsin, 'yan jika-jika a naɗe kamar sigari, naira ɗari biyar-biyar da suka sha hannu, goro ɗaya, da wata takarda da aka rubuta addu'a da ajami. A wata ƙwarya ta teburin baya an sami jika goma guda, sabuwa fil. Mun yi ta hasashen mai ita, liman ya ce mu bari.

In aka haɗa, abin da aka kira a lasifika ya ninka na ƙore sau da yawa. Sai dai na lasifika fiye da rabinsa alkawari ne, an rubuta suna da adadi a littafi. Na ƙore kuwa ga shi a tire. Da shi da kuɗin gwanjo za a fara, ƙauye huɗu tukuna, biyu a ƙasar Dungas biyu a ta Magarya.

Litinin, 27

Na koma aji da sauran ja a farce. Da rana na kai wa masu gwanjo kayansu, na mayar wa Baba duwatsun da ya ara mini na danne ƙore. Matar wani ma'aikaci ta aiko tana son murfi 12 irin namu don bikin ɗiyarta bayan salla, amma ba rami. Na ba ɗan aiken farashin da muka biya, na ce ta aika wa Inna kai tsaye ta hannun ɗiyarta, ban da ragi.

Ma'aji ta fara zagayen karɓar alkawari. Gida uku ta je yau: ɗaya ya biya, ɗaya ya yi tafiya Kano, ɗaya ya ce ta dawo bayan kasuwar Alhamis. Da yamma kuma gardama ta tashi kan nairar da aka samu, ko a canza ta yanzu ko a bar ta yadda take, tunda masu kabu-kabun ƙauyukan bakin iyaka naira suke karɓa. An ɗage maganar zuwa zaman Talata.